Gwangwanin Tikiti

A Zangon Agege aka binne cibiyata,
bayan layin dogo, inda kakana ya sauke huhun goro
tun jirgi na cin gawayi.
Da Yarbanci na koyi faɗa a makaranta,
da Hausa nake mafarki.

Shekara goma sha tara ina tuyar waina a bakin kasuwa.
Kowace safiya yaron ƙaramar hukuma
ya yago min tikiti, ya karɓi ɗari biyu.
Tikiti bai taɓa tambayata 'yar ina ce ni ba.
Na tara su a gwangwanin madara.
Damina ta jiƙa wasu, ɓera ya yi buɗa-baki da wasu,
saura suna nan.

Da gobara ta lashe rumfunanmu,
hukuma ta gina na bulo, guda hamsin da shida,
aka liƙa sunaye a bangon sakatariya.
Na bi su da yatsa daga sama har ƙasa,
na sake hawowa kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Babu Kubura.
Babu Sa'adu mai albasa.
Babu Obiora mai ƙwan lantarki,
wanda ya yi ta jidar ruwa daren wutar
har tafin hannunsa ya saluɓe.

Akawu bai ko ɗago kai ba:
"Na 'yan gida ne. Aboki, je ki jiharku."
Aboki!
Kalmarmu ce fa, da ita muke tarbar baƙo.
Ban san ranar da aka kai ta maƙera
aka wasa mata baki ba.

Ni ma, in za a bi gaskiya, bakina bai yi alwala ba.
Sunan da nake kiran Obiora a bayan idonsa
ba zan iya faɗinsa a gabansa ba.
Laifi tudu ne, na daɗe tsaye a kan nawa.

Kansilar mazaɓarmu, Madam Morenikeji,
gajeruwa, mai tabarau ɗaure da zare,
ba ta yi min alkawarin komai ba.
Cewa ta yi, "Zo da gwangwanin."
A zauren majalisa ta kife shi kan teburin ciyaman,
tikitai suka watse kamar busasshen zogale.
Ta ce, "Ranka ya daɗe,
kuɗinta ɗan gida ne, ita ce baƙuwa?"

Tsit. Sai fanka ke ƙugi a sama.
Wani ya ce zaɓe ya ƙarato.
Wani ya ce mutanenmu za su ji haushi.
Sau uku ana ɗage zama,
sau uku ina sayen kalanzir bashi.

Wata Talata aka yage tsohon jerin.
Duk mai tikiti aka rubuta sunansa,
aka nannaɗe, aka zuba a ƙwarya,
aka ɗaure wa wata 'yar firamare ido ta riƙa ɗebowa.
Obiora ya sami ta goma sha ɗaya.
Sa'adu ya faɗa kusa da famfo.
Iya Risikatu mai iru ta yi guɗa har ɗankwalinta ya faɗi.

Ni ƙwarya ba ta yi da ni ba.

Na koma bakin kwata da tandata.
Amma hanin rabo daban, hanin mutum daban:
na farko ana barci da shi.

Har yau a wani gidan haya na layinmu
allo na rataye: ba a ba ɗan Arewa ɗaki.
Madam ta ce shi ne na gaba a takardarta.
Oho. Kujera ba gado ba ce,
wa ya san mai hawanta baɗi?

Jiya dai yaron tikiti ya tsaya,
biro a hannu, yana sosa ƙeya:
"Iya, yaya ake rubuta sunanki daidai?"
Na juya wainata kada ta ƙone,
na ce, "Matso. Fara da Ku."